Tambayi Likita: Can kan tsauni lafiyata ƙalau, saukowa gida ce ta kwantar da ni

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon duk hanyarsu ɗaya, mutanen da suka zauna ko suka hau wuri mai tudu sosai, suka sauko jiki ya rikice musu. Na farkon ya ci wuri da yawa, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Dokta, barka da aiki, ya iyali. Dan Allah a taimaka min da bayani. Ni ɗalibi ne a ƙasar Sin, shekara 3 ina birnin Xining, to a shekarar ƙarshe aikin bincikenmu ya kai mu yankin Yushu muka yi wata 7 a wurin da ya kusa mita 4,000. Satin farko na sha ciwon kai da haki amma daga baya na ware har ƙwallo nake ɗan bugawa. Yanzu sati 3 kenan da dawowata Kano kuma wlh tunda na sauka ban gane kan jikina ba, barci kamar wanda aka yi wa asiri, in yi sallar asuba in koma sai azahar, kaina ya yi nauyi, ga mantuwa, gaɓoɓina na ciwo, da yamma ƙafafuna su kumbura har takalmi ya matse ni, ga ci kamar gara. Na je lab an ce PCV ɗina (awon yawan jajayen ƙwayoyin jini) 54, wai CRP (awon kumburin cikin jiki) ma ya ɗan hau, suka ce infekshan ne da taifot aka rubuta min allurai. Ban taɓa yin zazzaɓi ba fa. Hajiyarmu ta ce a kira wanzami ya min ƙaho jini ne ya min yawa, abokina kuma ya ce maganin ƙarin jini zan sha. Dokta wanne zan ɗauka? Daga wani ɗan'uwanku a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da dawowa, Allah ya sa wa karatun albarka. A cikin shawarwari ukun nan da aka ba ka babu wadda zan ce ka ɗauka, amma bari in faro daga tushe.

Abin da ka lissafo sananne ne, kuma ƙasar da ka baro ita ta fi kowa bin diddiginsa saboda suna da ɗimbin ma'aikata da sojoji da ke hawa tudun Qinghai da Tibet, inda Yushu take, suna sauka. Lokacin da suka shimfiɗa layin dogo daga Golmud zuwa Lhasa, wanda aka buɗe a 2006 kuma yake bi ta mashigar Tanggula mai tsayin mita 5,072, ma'aikata sun yi watanni a sama, da suka koma garuruwansu da yawa suka riƙa kukan irin abin da kake kuka da shi, barci, kasala, jiri, nauyin ƙirji, mantuwa, kumburin ƙafa. Haka bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Yushu ɗin da ka zauna a watan Afrilun 2010, likitocinsu sun bi masu aikin ceto da awo bayan sun sauko. Mutanen can in suka ga wanda ya sauko yana ta gyangyaɗi cewa suke ya bugu da iska.

Ga yadda abin yake. Oksijin ɗin da ke cikin iska kashi 21 cikin 100 ne ko a Legas ko a Yushu, abin da ke raguwa in ka yi sama shi ne nauyin iskar, to a mita 4,000 duk numfashin da ka ja wajen kashi 60 cikin 100 na abin da za ka samu a bakin teku kake samu. Jikinka bai zauna ya zuba ido ba. Numfashi ya ƙaru dare da rana, ƙoda ta saki wani sinadari da ake kira EPO wanda ke umartar ɓargo ya ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini, ruwan da ke cikin jinin ya ragu jinin ya yi kauri, jijiyoyin huhu suka tsuke ɓangaren dama na zuciya ya ƙara ƙarfin turi. Akwai wani makunni a cikin ƙwayoyin jiki mai suna HIF da ke kunna yawancin waɗannan in oksijin ya yi ƙasa, shi ne ma wasu masana uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, suka samu kyautar Nobel a kansa a 2019. Wata 7 jikinka na kan wannan tsari, kafin nan ma Xining kanta mita 2,200 da wani abu ce, sai jirgi ya ɗauko ka cikin kwana biyu ya dire ka Kano da ba ta kai mita 500 ba. Ka duba bayan azumi, wata ɗaya kacal ne amma ranar sallah da washegari cikinka bai gama yarda da abincin rana ba, to ina ga wanda ya shekara uku a sama.

Warwarewar ba lokaci guda take ba, shi ya sa kake jin abubuwa barkatai. Ruwan jini shi ke fara dawowa, cikin kwanaki ƙoda ta fara riƙe gishiri da ruwa, ka haɗa da zafin Kano da ke buɗe jijiyoyin ƙafa da kuma zaman gaishe-gaishen da ɗan dawowa ke sha daga safe har dare, ai dole takalmi ya matse da yamma. EPO kuma faɗuwa yake warwas da zarar an sauko. A Peru an taɓa ɗauko mutanen Cerro de Pasco, garin haƙar ma'adinai da ya haura mita 4,300, aka sauko da su Lima bakin teku, binciken da aka wallafa a 2001 ya nuna jajayen ƙwayoyinsu sun ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a 'yan kwanaki, masu binciken suka ce jikin ne ke rusa sababbin ƙwayoyin da ba ya buƙata. Wani binciken na baya da aka yi da mutanen da suka yi sati 3 a Jungfraujoch, can kan tsaunukan Suwizalan, bai ga rusawar ba, ya ga dai ɓargo ya rage aiki ne kawai. Ko wanne ne, ƙwayar jini kwana 120 take rayuwa, don haka PCV ɗinka da kansa zai riƙa sauka cikin wata 3 zuwa 4. Barcin kuma, a can sama mutum ba ya samun barci mai nauyi, numfashi na tsayawa yana tashi cikin dare ko bai sani ba, bashi ne kake biya.

Sai maganar CRP, nan nake so ka buɗe kunne. Kumburin ƙafarka ruwa ne, shi kuma wanda awon nan ke nunawa na ciki ne, ba ya ganuwa da ido, sojojin jiki ne suka tashi tsaye. Ƙarancin oksijin kansa yana tayar da su, an auna masu hawa tsaunukan Alps a bukkar Margherita mai mita 4,559 an ga CRP da wani sinadarin mai suna IL-6 sun hau ba tare da wata cuta ba. Sannan in oksijin ya dawo da yawa farat ɗaya, ƙwayoyin da suka saba da kaɗan suna fitar da wasu sinadarai masu ƙona bangon jijiyoyi, fararen ƙwayoyin jini su rugo wurin, to ana zaton daga nan ake samun ciwon jiki da kasala da nauyin kai. Likitocin Sin sun samu irin waɗannan alamu a jinin waɗanda suka sauko, kuma suna lafawa a hankali. Amma fa CRP ƙararrawa ce kawai, ba ta faɗin inda wutar take, maleriya na ɗaga ta, ruɓaɓɓen haƙori na ɗaga ta, ciwon sanyin mafitsara, tarin fuka, duk suna yi. Ɗan hawa kaɗan ga mutumin da bai yi zazzaɓi ba, yana cin abinci kamar gara, ba dalilin allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Wannan awon Widal da ake yanke wa rabin gari hukuncin taifot da shi, ni dai ya daɗe da fita raina, wanda ya taɓa yin ciwon ko rigakafinsa ko ma maleriya yana iya nuna masa akwai. In da gaske ana zargin taifot jini ake shukawa a lab a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Ka kai takardun nan wurin likita ya duba ka da hannunsa kafin a ci gaba da huda ka.

Sai dai kar ka karanta wannan ka ɗora wa tsauni komai, wannan kuskuren ya fi na lab ɗin haɗari. Hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar Sin ta rabu da maleriya tun 2021, kenan shekara 3 sauro mai cutar bai cije ka ba, ɗan garkuwar da muke samu saboda yawan cizo tana dusashewa in an daɗe ba a gida, kuma daga cizo zuwa zazzaɓi sati 1 zuwa 2 ne, daidai lokacin da kake ciki. Duk ranar da jikinka ya yi zafi, a ranar za ka je a yi awon maleriya, ba sai ka ce bari in ga gobe ba. Ka shiga gidan sauro ko ƙannenka za su yi maka dariya wai ka zama ɗan Chana.

A gaishe da Hajiya, a ce mata ta canka daidai jinin ya ɗan yi yawa, amma ƙaho jinin fata yake ja, ba zai taɓa PCV ba, ga kasadar aska in ba sabuwa ba ce. Akwai waɗanda jininsu ke yin kauri har ya zama ciwo, wanda likitan Peru Carlos Monge ya fara bayaninsa a shekarun 1920, ana maganar awon Hb, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, 21 zuwa sama ga namiji, 19 ga mace, su ne wani lokaci ake ɗibar musu jini a asibiti, kuma babban maganinsu shi ne su sauko ƙasa, kai kuwa ka riga ka sauko. Shi kuma abokinka, mutum na da PCV 54 ka ce ya sha maganin ƙarin jini? Allah ya shirya. Ka guji diclofenac da ibuprofen na kullum-kullum don suna cin ciki suna taɓa ƙoda, ka guji dexamethasone da 'yan kemis ke sakawa a haɗin maganin ciwon jiki, kar kuma wani ya ba ka maganin fitsari don ƙafa ta saɓe, zai ƙara wa jinin kauri ne. Ruwa isasshe, rage gishiri da dunƙulen miya, ɗaga ƙafa kan filo in ka kwanta, tafiyar ƙafa da sassafe ko bayan la'asar kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ƙwallo ta jira tukuna. Ka ci zogale da alayyafo da gwanda da lemo, kuɗin da za ka kai wa masu tallan maganin wanke jini a Facebook ka sai kifi da shi. Barci ka yi abinka amma ka tsayar masa da lokaci. Bayan sati 4 zuwa 6 a sake PCV da CRP, a haɗa da awon hawan jini da na ƙoda da fitsari. Mai ɗan gajeren zama yakan ware cikin kwanaki zuwa sati biyu, mai dogon zama irinka makonni ne zuwa 'yan watanni. In kumburin ya hauro gwiwa ko fuska, ko kana haki in ka kwanta, ko PCV ya ƙi sauka bayan wata 4, wannan sai likitan zuciya ko na jini.

TAMBAYA: Dokta ina wuni. Maigidana ne suka je hawan Kilimanjaro da abokan aikinsa, ya dawo kwana 5 kenan. Da ya iso fuskarsa da hannayensa a kumbure har zobe ya ƙi fita, wannan ya saɓe, cinyoyinsa ma da yake ta kuka da su sun yi sauƙi. Amma ƙafar hagu daga ƙwauri zuwa ƙasa ta ƙi, ta fi ɗayar girma, da zafi in an taɓa. Ya ce gajiya ce in riƙa gasa masa da ruwan zafi ina matsawa da man zafi. In ci gaba? Daga Maman Yara, Kaduna.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Ki daina matsawar nan yanzu, kuma yau ɗin nan ku tafi asibitin da ke da na'urar hoton jijiya, ku ce ana so a duba ko jini ya daskare a jijiyar ƙafar. Ba gobe ba.

Fuska da hannu da suka kumbura suka saɓe, wannan ruwan tsauni ne, da yawan masu hawa suna yi kuma yana fita ta fitsari bayan an sauko. Ciwon cinya ma na gangarowa ne, ƙololuwar Uhuru mita 5,895 ce, ana tashi hawanta da tsakar dare kuma a ranar ake gangaro da wajen rabin dutsen, gangara ta fi hawa yaga tsoka, ciwon yakan tsananta a kwana na biyu ko na uku ya wuce. Duk waɗannan ɓangare biyu suke kamawa. Ƙafa ɗaya tak da ta fi 'yar'uwarta girma, da zafi, a jikin mutumin da ya yi mako guda jininsa na kauri ga ƙishirwa ga sanyi, ya sauko ya zauna sa'o'i a mota da jirgi ƙafa a lanƙwashe, wannan gudan jini ake zargi har sai hoto ya ƙaryata. Tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu, matsa kuwa taimaka masa take. In ya fara haki, ko ƙirji na sukarsa in ya ja numfashi, ko tari da jini, ko jiri, kai tsaye sashen gaggawa. Akwai maganin tsinka jini kuma yana aiki sosai in an fara da wuri. Ki kuma tambaye shi kalar fitsarinsa, in ya yi duhu kamar shayi ba madara a faɗa wa likitan, tsokar da ta wahala tana iya zubar da abin da ke toshe ƙoda. Ƙasan dutsen wajen Moshi akwai sauro, a haɗa da awon maleriya in akwai zazzaɓi. In ya ce shi ba inda za shi, ki kira wansa ko wani da yake jin nauyi, mazan nan mun san halinmu.

TAMBAYA: Likita ƙanena ne ya je taro Addis Ababa na mako guda, tun a kwana na biyu gefen cikinsa na hagu ƙarƙashin haƙarƙari ya fara ciwo har kafaɗa, ya dawo Abuja ciwon bai tafi ba. An ce olsa ce. Shi AS ne amma bai taɓa ciwon sikila ba. Akwai alaƙa?

AMSA: Tana iya yiwuwa ƙwarai, kuma madalla da kika ambaci AS ɗin. Addis Ababa ta kai mita 2,300 da ɗoriya. Mai AS lafiyayye ne a rayuwarsa ta yau da kullum, amma in oksijin ya ragu wasu ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin saifa, wani yanki nata ya mutu ya kumbura, kuma saifa nan take zaune daidai inda kika kwatanta, ciwonta na harbawa kafaɗar hagu. Ba kowane mai AS ke samu ba, mafi yawa suna zuwa su dawo ba abin da ya same su, amma yana faruwa. Wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, Ryan Clark, ya gamu da shi a 2007 bayan wasa a Denver wadda mita 1,600 ce kawai, har sai da aka cire masa saifa. Tunda kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne, ya kamata likitocinmu su riƙa tambayar ina mutum ya je kafin su ce olsa. A yi masa hoton ciki, in da hali CT, a faɗa wa likitan tafiyar da jinsin jininsa da baki, kar a jira ya tambaya. Yawanci hutu da ruwa da maganin ciwo ke warkar da shi cikin makonni ba tare da tiyata ba, sai in zazzaɓi ya shigo ko ciwon na ƙaruwa. Ya ajiye ƙwallo da ɗaukar kaya masu nauyi har likita ya sallame shi. Masu shirin tafiya aiki Abha ko Khamis Mushait a Saudiyya, can ma sama da mita 2,000 ne, a san jinsin jini kafin a tashi, mai SS ko SC kuwa sai ya zauna da likitansa tukuna.

TAMBAYA: Dokta ni direba ne, Gembu nake zaune. Duk sanda na sauko Jalingo ko Yola na kwana biyu sai jikina ya mutu, ciwon kai, in na koma sama bayan kamar sati sai zazzaɓi. Ko ni ma canjin iskar ce?

AMSA: Malam direba sannu da hanya, wannan hawan na bayan Serti ba na rago ba ne. Mambila, inda Gembu take, tsakanin mita 1,500 ne zuwa 1,800 a yawancin garuruwanta, matsalolin da muka yi bayani a sama kuwa sun fi farawa daga mita 2,500, don haka jininka bai sauya da yawa ba. Naka zafi ne, ka baro garin da ake kwana da bargo ka faɗo Yola da ke haura digiri 40 a bazara, ga tuƙin yini guda ba ka shan ruwa don kar fitsari ya tsayar da kai. Jarka ɗaya a gefen kujera za ta rage maka rabin ciwon kan. Zazzaɓin da ke zuwa bayan sati kuwa lissafinsa ya yi daidai da maleriya daga cizon sauron da ka sha a tasha, ka sai gidan sauro ka bar shi a mota, in zazzaɓin ya zo a yi awo kafin a sha magani, kuma a shanye shi kwana 3 cif ko ka ji sauƙi a rana ta farko.